Tsakanin Ƙofar Doka Da Samaru

Malaman nazarin zaman jama'a sun daɗe suna ja-in-ja a kan wata tambaya, watau shin makaranta ce ke ƙera jama'a, ko kuwa jama'a ce ke ƙera makaranta? Wani masani Bafaranshe, Emil Durkaim, wanda ya rasu a 1917, ganinsa shi ne makaranta hanya ce da manya ke bi su zuba wa yara abin da al'ummarsu ta yarda da shi, domin al'ummar ta ɗore bayan ransu. Wannan bayani ya zauna daidai a ƙasar da ke da makaranta iri ɗaya. To, ni a cikin birnin Zariya aka haife ni, kuma tun ban cika shekara bakwai ba makarantu uku nake zuwa a yini guda, kowace da irin mutumin da take so ta mai da ni. Saboda haka duk lokacin da aka yi mana wannan tambaya a aji, sai in ji ina son in fara da tawa: wace makarantar, kuma wace jama'ar?

Da asuba ina zauren malam da allona. Da hantsi ina kan benci cikin gajeren wando. Da la'asar kuma ina Islamiyya, inda ake zama a kan benci kamar boko amma a yi karatu da rerawa kamar allo. A zaure, in za ka gaida malam sai ka tuɓe takalmi ka durƙusa, idonka a ƙasa, ba ka magana sai an tambaye ka. A makarantar boko kuwa miƙewa ake yi tsaye a gaida malami da Turanci da babbar murya, kuma yaron da ya sunkuyar da kai ya ƙi ɗaga hannu shi ake kira daƙiƙi. Abin da ya zama ladabi da ƙarfe shida na safe ya koma rashin ƙoƙari da ƙarfe tara. Ba wanda ya taɓa yi mana bayanin wannan, mu ne muka gano da kanmu, muka riƙa sauya hali a kan hanya kamar yadda muke sauya riga.

Bari in ɗan daɗe a kan makarantar allo, domin da yawa daga cikin 'yan'uwana ɗalibai sun bi ta cikinta amma ba su taɓa tsayawa sun dube ta da idon nazari ba. Makarantar da na yi ba ta da katanga, ba ta da rajista, ba ta da ƙararrawa. Zauren gidan malam ne, in mun yi yawa mu malala zuwa bakin hanya, mai wucewa ya ji ka yi kure ya tsaya ya gyara maka, ba wanda zai ce masa ina ruwansa. Ranar Laraba kowa ya zo da kuɗin Laraba gwargwadon ƙarfin gidansu, Alhamis da Jumma'a a huta. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya kama hajjatu, kowa da allonsa da inda ya tsaya, ba a haɗa shi tsere da kowa, balle a ce ya faɗi a maimaita masa shekara. Malamin nan kuma shi ne ke raɗa mana suna, shi ke ɗaura auren yayyenmu, shi ake tasa cikin dare in wani ya cika. Ranar da yaro ya yi sauka, aka zayyana masa allo, unguwa duka ke cin tuwon.

Bayan sauka sai karatun littattafai a zaurukan ilmi, waɗanda unguwanni irin su Kona da Juma suka yi suna a kansu tun kafin Bature ya san hanyar Zazzau. A nan za ka ga maɗinki da allurarsa, da ɗan kasuwa, da dattijo mai furfura, kowa ya buɗe littafinsa, wannan Ahalari, wancan Iziyya, wani Risala ko Askari, malam yana fassara wa kowa da Hausa kalma bayan kalma. Baffana ya shekara fiye da ashirin yana zuwa irin wannan zaure bayan sallar Asuba, bai fasa ɗinkin riga ko yini ɗaya ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa yaushe zai gama.

Kada a ce na zo yabon gida. Wannan tsari ma yana da nasa tankaɗe da rairaya. Ɗan gidan malamai da ya buɗe ido cikin littattafai ya fi ɗan mahauci kusa da zama malam, ko da kansu ɗaya. Yarinya kuwa, in aure ya zo, yawanci nan allonta ke tsayawa. Ga kuma bulala, wadda tun kafin rasuwarsa a 1406 Ibn Haldun ya yi gargaɗi a cikin Muƙaddima cewa tsananta wa ɗalibi na koya masa ƙarya da ragwanci. Shi ne kuma ya kwatanta mutanen Magrib, masu tsare yaro a kan Alƙur'ani kaɗai, da mutanen Andalus masu haɗa masa da waƙa da rubutu da Larabci. Kowa ya yi allo a ƙasar Hausa ya san wanne muka gada. Sai dai duk da haka, makarantar ta jama'a ce, su suka gina ta, su ke ciyar da ita, kuma sun san abin da suke so ta fitar musu.

Boko bai shigo ta wannan ƙofa ba. Lokacin da Turawa suka ci ƙasar nan, Gwamna Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo na Arewa a kan kimanin 25,000, amma ba a kansu aka ɗora sabon ginin ba. A 1905 Likita Mila, ɗan mishan, ya zauna a cikin birni a Durumin Maigarke zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, yana ba da magani yana koya wa yara karatu, har zuwa lokacin da aka mai da mishan ɗin Wusasa a wajen 1929. Watau farkon abin da mutumin birni ya gani na boko, a hannun mai wa'azin wani addini ya gan shi. Ita kuwa gwamnati, da ta buɗe tata makarantar a Nasarawa ta Kano a 1909 a hannun Ɗan Hausa, 'ya'yan sarakuna da malaman da za su riƙe mata littafin haraji take nema. Kakata ta sha ba mu labarin yadda ake ɓoye yara a rumbu in an ji mai unguwa na yawon kamun 'yan makaranta, da yadda wasu manya kan tura ɗan bara a maimakon ɗan cikinsu. Muna dariya in tana faɗa, ita ba ta dariya.

Sunan ma da aka ba abin ya isa shaida. An daɗe ana cewa kalmar boko daga sunan littafi a Turanci aka aro ta, amma a 2013 Farfesa Paul Newman ya nuna cewa kalmar Hausa ce tun asali, mai nufin abin da ba na gaskiya ba, irin amaryar boko da ake ɗorawa a kan doki alhali ta gaskiyar tana wani wuri. Jama'a ba su rubuta wa Razdan takardar ƙin amincewa ba, suna kawai suka raɗa.

Duk wanda ke son ya fahimci dangantakar makaranta da jama'a a Zariya, to ya hau mota daga Babban Dodo ya nufi Samaru yana kallon taga. In ka ɗauke Midil ta dā, wadda yau ake kira Alhudahuda, manyan gidajen boko da Zariya ta yi suna da su duk a bayan ganuwa suke. Kwalejin Barewa tana can ta wajen Gaskiya. Makarantar koyon aikin mulki tana Kongo. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe ran 4 ga Oktoba 1962, tana Samaru. Turawa sun yanka garin gunduwa-gunduwa, birni na 'yan ƙasa, Tudun Wada na baƙi 'yan Arewa, Sabon Gari na mutanen Kudu da suka biyo jirgin ƙasa, kuma makarantun mishan suka samu sakewa a inda ba birni ba. Sakamakon bai ɓuya ba. Ɗan ƙaramin gari irin Wusasa shi ya fitar da Dokta Barau Dikko, likitan farko ɗan Arewa, a can Farfesa Ishaya Audu ya yi karatu, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci jami'ar nan daga 1966 zuwa 1975, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ba wai mutanen Wusasa sun fi na Kwarbai ko Kusfa ƙwaƙwalwa ba ne. Sun riga su shiga layin da daga baya aka ce shi kaɗai ne layin rabon aiki.

Ita Barewa, a Katsina aka buɗe ta a 1922, ta koma Kaduna a 1938, ta sauka Zariya a 1949, aka raɗa mata sunan da take da shi a 1971. Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun bi ta cikinta, haka Gowon da Murtala Muhammad da Shehu Shagari da Umaru Musa 'Yar'aduwa. Makaranta ɗaya ke nan ta haifi shugabannin ƙasa biyar da Firimiyan Arewa. Ana faɗar wannan don alfahari, ni ma ina alfahari da shi, amma ɗalibin zaman jama'a dole ya juya maganar ya dubi bayanta. Wani Bafaranshen, Piyar Burdiyo, ya yi bayani a 1970 cewa makaranta kan karɓi abin da yaro ya zo da shi daga gida, irin harshe da saba wa littafi da sanin yadda ake magana da manya, ta auna shi, sa'an nan ta kira sakamakon hazaƙa. Da haka gatan iyaye kan koma takardar shaidar 'ya'ya, kowa kuma ya yarda an yi adalci tunda jarrabawa ɗaya aka zauna. Bahaushe ya riga shi faɗa a taƙaice, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗan baran da aka tura a maimakon ɗan sarki ya samu tsani, gaskiya ne, amma da ya hau sai ya riƙe wa 'ya'yansa shi.

Na ga wannan a kaina ranar da na shiga jami'a. Ɗakinmu mu huɗu ne, biyu iyayensu sun yi digiri, kuma tun makon farko sun san ofishin da ake zuwa, sun san yadda ake tsayar da lacca a yi tambaya ba tare da murya ta yi rawa ba. Ni kuwa da na haddace izu goma sha biyar, na san Ahalari da ka, sai na tarar ba teburin da ake canjin irin kuɗin da na zo da su.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami ba nawa ba ne, na wani abokina ne da muka yi zaure ɗaya. Shi mahaifinsa bai sa shi boko ba. Ya sauke, ya tafi gabas neman tilawa, ya dawo bayan shekara tara da hadda, ya zauna ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa daga Baƙara har Nasi ba tare da ya duba ba. Yau alaramma ake ce masa, dattawan da suka haife mu suna durƙusa masa. Wata rana na raka shi wani ofis cika takarda, ma'aikacin ya tambaye shi iyakar karatunsa. Ya ce ya haddace Alƙur'ani ya rubuta. Ma'aikacin ya duba takardar sama da ƙasa, akwai gurbin firamare, akwai na sakandare, akwai na gaba da sakandare, akwai na wanda bai yi karatu ba. A wannan na ƙarshen ya sa masa alama, sa'an nan ya turo masa tawada ya dangwala yatsa. Abokina ya ce zai iya sa hannu, ya rubuta sunansa da ajami mai kyan gaske. Aka ce a'a, ya dai dangwala. Ma'aikacin ba mugu ba ne, Bahaushe ne kamarmu, har ya ce a gafarta malam. Takardar ce ba ta da wurin da za ta sa shi.

Tun daga ranar nake tunanin sunan nan Yaƙi da Jahilci, wanda aka ba shirin koya wa manya karatun boko a shekarun 1950. Shirin ya yi amfani ƙwarai, ya buɗe wa dubban manoma ido su karanta rasiɗin haraji da awon gyaɗa da kansu. Sai dai a cikin waɗanda aka tara a azuzuwan nan akwai masu karanta Risala. Da wane suna aka kira abin da ke cikin kansu?

Sai maganar harshe, wadda ta fi shafar wannan ƙungiya tamu. Ba garin da ya yi wa rubutun Hausa na boko hidima kamar Zariya. A nan Hukumar Talifi ta shirya gasar 1933 wadda ta fito da Ruwan Bagaja, a nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939 Abubakar Imam yana edita, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. A wannan garin ne kuma, a wata makarantar da na yi, ake cin tarar yaro in an kama shi yana Hausa, a rubuta sunansa a kai wa malami. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ke kewaye da shi, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, ya nuna yaran ba su yi asarar Turanci ba. Amma iyaye sun lura da harshen da ake ɗaukar aiki da shi, saboda haka makarantar kuɗi da ta fi hana Hausa ita ta fi samun ciniki. Na san yara a unguwarmu da za su rera maka jadawalin lissafi da Turanci tiryan-tiryan, in ka aike su kasuwa sai sun koma Hausa kafin su san canjinsu.

A Satumban 1976 gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta ga kowa, aka yi ta gina azuzuwa, aka yi ta yaye malamai cikin gaggawa. A 1999 aka sake ɗaura ɗamara da wani shirin, a 2012 aka fara buɗe makarantun tsangaya na gwamnatin tarayya, a 2023 aka kafa hukumar almajirai da yaran da ba su zuwa makaranta. Ba na raina ko ɗaya. Abin da na lura kawai shi ne yanzu ba mai ɓoye ɗa a rumbu a cikin birni. Masu hali sun kwashe nasu sun kai makarantun kuɗi, suka bar ta gwamnati ga wanda ba shi da zaɓi, ganuwar da ke tsakanin birni da boko ta rushe, wata ta tashi a tsakanin boko da boko.

Masu zuwa daga Samaru da takardun tambayoyi sukan rubuta cewa mutanen birni ba su san darajar ilmi ba. Ina ma su zauna da yayata. An cire ta daga aji uku na sakandare aka yi mata aure, yau ɗinkin hannu take yi a cikin gida, aikin rigunan nan da ake kai wa kasuwannin Kano da Kaduna, kuma da kuɗin allurarta aka biya mini kuɗin rajista a shekarata ta farko. 'Yarta ta fari tana makaranta, amma ranar da aiki ya taru, ko ba mai kai ƙosai bakin hanya, yarinyar ba ta zuwa. Yayata ta san darajar ilmi sarai. Lissafi take yi, kuma a cikin lissafin akwai ɗan ƙanen mijinta, mai digiri, wanda ya shekara huɗu yana yawo da takardu a jaka, daga bisani ya dawo ya zauna a gaban ƙaninsa yana koyon keken ɗinki. Tun a 1967 Nyerere na Tanzaniya ya koka da makarantar da ke shirya kowa don aikin ofis alhali ofisoshin ba su isa ba. Ruwa ba ya tsami banza. In uwa ta yi sanyin jiki da makaranta, a fara tambayar abin da makarantar ta mayar wa gidan da ya ba ta ɗa.

Ita kanta jami'ar, me ke tsakaninta da birni? Kullum da safe motoci na kwasar masinjoji da direbobi da masu gadi da akawuna daga Ƙofar Doka, da ɗalibai da malamai ma, domin birni ya haifi furofesoshi ba kaɗan ba. Da yamma a dawo da su. Ana rubuta kundaye a kan ganuwarmu da masallacin Jumma'ar da Babban Gwani ya gina zamanin Sarki Abdulkarimu, da ɗinkinmu da aurenmu da cututtukanmu, a jera su a laburare da Turanci. Ban taɓa ganin an dawo da ko ɗaya an karanta wa waɗanda aka yi wa tambayoyin ba. Wannan laifi har da mu 'yan ƙungiyar Hausa, domin mu ne muke da harshen da za a mayar da shi.

Abin da jama'a suka yi da kansu, ba tare da jiran kowa ba, shi ne Islamiyya. Sun ɗauki benci da allon bango da rajista da jarrabawa daga boko, suka zuba karatunsu a ciki, kuma ta wannan ƙofa ce matan aure da yawa suka koma karatu da dare ko ranar Asabar da Lahadi. Wasu Islamiyyun yanzu har lissafi da Turanci suke koyarwa. Sai dai inda ba a haɗa ba, a kan yaro nauyin ke sauka, shi ne zai ɗinke makarantu uku da ƙafafunsa.

Abokina alaramma ya sa babban ɗansa a boko. Ya ce ba zai yarda a miƙa wa ɗansa tawadar dangwale ba. Amma bai sauke masa allo ba, kuma ba zai sauke ba. Yaron yana tashi kafin kiran assalatu ya yi tilawa, ya biya wa ƙanana karatu, ya wanke allo, ya sa yunifom ya tafi, wani lokaci da koko a ciki wani lokaci babu. Da aka yi hutun ƙarshen zango sai alaramma ya aiko a kira ni, ya miƙo mini katin sakamakon yaron in karanta masa. Yaron ya zo na talatin da ɗaya. A ƙasa malaminsu ya rubuta da Turanci da jan biro cewa yaro ne malalaci mai barci a aji, iyaye su riƙa kula da karatunsa a gida.

Na fassara masa kamar yadda aka rubuta, ban rage ba. Ya karɓi katin ya daɗe yana dubansa, sa'an nan ya tambaye ni ko in ya je makarantar za a bar shi ya ga malamin, kuma ko malamin yana jin Hausa.